Kiran gwauraye da naƙasassu gaban bagade: girmamawa ce ko tonon asiri?

Sakataren_Majalisa: Salama a gare ku 'yan'uwa, cikin sunan Ubangiji. A majami'u da yawa, idan lokacin rabon taimako ya zo, bayan sanarwa sai a riƙa kiran sunayen gwauraye da marayu da naƙasassu ɗaya bayan ɗaya, su fito gaban bagade, a miƙa wa kowa buhu ko ambulan, a tafa, a ɗauki hoto a sa a Facebook. Masu yin haka suna cewa girmamawa ce, kuma jama'a na ganin inda baikonsu ya tafi. Wasu kuwa na cewa tonon asiri ne da sunan alheri. A 1 Korintiyawa 12:22-23 Bulus ya nuna cewa gaɓoɓin da ake gani raunana su ne jiki ba ya yi sai da su, kuma waɗanda ake raina wa daraja su ake ƙara wa daraja. To a aikace yaya ake ƙara darajar nan? Don Allah bayanin aiki nake nema, wa'azin mun ji.

Dattijo_MaiRitaya: Malam Sakatare, abu biyu ne aka cakuɗa, sai an raba su. Akwai taimako, akwai girma. Taimako a ɓoye ake yin sa, Matiyu 6:3-4 bai bar wani lungu ba, hagu ma kada ta san abin da dama ke yi. Girma kuwa a fili ake ba da shi. Kuskuren shi ne an juya su: ana ba da buhu a gaban jama'a, amma ranar da za a zaɓi mai karatun Littafi ko mai addu'ar rufewa ba wanda ke tuna gwauruwar nan. Ka kuma ƙarasa aya ta 23 ɗin da ka kawo. Bulus ya ci gaba da maganar gaɓoɓin da ba a nunawa, ya ce su ake ƙara suturtawa. Ashe wani girman ma rufewa ne. Talaucin mutum da ciwonsa suna cikin abin da ake rufewa.

Ma'aji_07: Baba, na yarda da ku, amma kada mu raina dalilin masu kira gaba. Kuɗin jama'a ne, kuma inda aka ce "a ɓoye" nan ɓarna ke samun wurin kwana. Bulus kansa a 2 Korintiyawa 8:20-21 ya ɗauki matakin kada a zarge su kan gudummawar da suke ɗauke da ita. Sai dai ana iya tsare amana ba tare da an tsayar da kowa gaban bagade ba.

Kwamitin jinƙai ya zama mutum uku ko biyar, da mace aƙalla ɗaya, kuma kada biyu su fito daga gida ɗaya. Littafi biyu ake buɗewa. Na farko yana da suna da lamba, yana kulle wajen mutum ɗaya. Na biyu, wanda majalisar dattawa ke gani, lamba ce kawai da kwanan wata da abin da aka bayar da dalili a taƙaice. Kowace fitar kuɗi sa hannun mutum biyu. Kuɗin makaranta a biya makarantar kai tsaye, na magani a biya asibitin, a manna rasit. Duk wata uku a karanta wa ikilisiya jimilla: abin da ya shigo, abin da ya fita, gida nawa aka taimaka. Sau ɗaya a shekara mutum biyu da ba sa cikin kwamitin su gwada littattafan biyu da rasit.

Inda ake yawan tuntuɓe shi ne rahoton. Idan ka ce "an biya wa makaho ɗaya kuɗin haya" a ikilisiyar da makahonta ɗaya ne, ai ka kira suna. Duk rukunin da bai kai mutum biyar ba, a haɗa shi da wani.

MamaZumunta: Ni fa ban gama yarda ba. Ku maza kuna magana kamar kowace gwauruwa kunya take ji. Akwai tsofaffin da abin da ya fi ci musu rai shi ne a manta da su. Tun da maigida ya rasu ba a ƙara ambaton gidan ba, to ranar da aka kira sunanta a makirfo ita ce ranar da take jin har yanzu ana lissafi da ita. Idan aka soke kiran gaba ɗaya, an ƙwace mata wannan.

Dattijo_MaiRitaya: Mama, gaskiyarki. Amma a kira ta don wani abu da ba buhu ba. A kira ta ta sa wa sababbin ma'aurata albarka.

MamaZumunta: Wannan ma ya yi. Ni dai abin da nake cewa a tambaye ta. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kuma tambayar tana da tsari: mace ce za ta je, a gida, ba a harabar coci ba. A fara ba ta rabonta tukuna, sa'an nan a tambaya ko tana so a ambace ta. In aka tambaya kafin a bayar, mai buƙata ba ya iya cewa a'a, zai ɗauka sharaɗi ne.

Magini_Kwano: Ku yi haƙuri in ɗan karkata. Ana ta maganar kiran gurgu gaban bagade, shin kekensa na iya shiga ƙofar ma? Yawancin gangaren da ake zubawa a majami'u ado ne kawai, ya yi tsaye da yawa, mai keke ba ya hawa shi kaɗai, in ya zo sauka kuma keken ya ƙwace. Ƙa'idar ita ce 1 bisa 12: kowane santimita 1 na tsayi yana buƙatar santimita 12 na tsawo. Matakala uku masu santimita 15 kowace, tsayi 45 ke nan, gangaren zai ci mita 5.4. In fili bai kai ba, a lanƙwasa shi ya bi jikin bango, kada a gajarta.

Faɗi kada ya gaza santimita 90, in da hali 120. Sama da ƙasa a bar shimfiɗaɗɗen wuri mita 1.5 a kan mita 1.5, don mai keke ya tsaya ya buɗe ƙofa ba tare da ya gangara baya ba. In gangaren ya yi tsawo, duk bayan kamar mita 9 a sa wurin hutawa. Ƙarfen dafawa gefe biyu a tsayin kamar santimita 90, ya zarce ƙarshen gangaren da santimita 30. A ɗan tayar da baki a gefe don taya kada ta zame. Kada a sa tayil mai sheƙi, siminti ne za a ja da tsintsiya tun yana ɗanye, in ba haka ba ranar ruwan sama faɗuwa za a yi. Dokin ƙofa kuma kada ya wuce santimita 1.5, ƙananan tayoyin gaba a nan suke maƙalewa.

Kuma a babbar ƙofa za a yi shi. Gangaren da aka kai bayan gini kusa da janareta, kowa ya san abin da yake faɗa wa mai bin sa.

ƊanMawaƙa: Har da hawa dandamalin gaba, Baba Magini?

Magini_Kwano: Shi ne ma. In babu hanyar hawa inda ake karatu da waƙa, an riga an yanke cewa mai keke mai sauraro ne har abada. In dandamalin ya yi tsayi da yawa, a sauko da teburin karatu ƙasa, kowa da kowa ya riƙa karatu daga nan, ba shi kaɗai ba.

Sai wurin zama. Kada a ware musu kusurwa ɗaya a baya. A yanke ƙarshen benci a wuri biyu ko uku, gaba da tsakiya, a bar fili kamar santimita 90 a kan 120, da kujerar iyali a gefe. Ta gefen hanya za a yi, domin in jama'a suka miƙe don waƙa, na zaune a tsakiyar layi bayan mutane kawai yake gani. Banɗaki ma: ƙofa ta buɗe waje, fili a ciki da keke zai juya, wato mita 1.5, ƙarfen dafawa a kafe cikin siminti, ba da ƙusa ba. Tsofaffi da yawa sun daina zuwa sujada ne saboda banɗaki, ba za su faɗa ba.

HannuMaiMagana: Na gode da aka karkato, domin kurame su ne aka fi mantawa, tun da naƙasarsu ba ta da keke ko sanda. Kurma zai yi shekaru yana zuwa, yana miƙewa in an miƙe, yana zama in an zauna, bai san kan wa'azi ko ɗaya ba.

Mai fassara da maganar hannu ya tsaya kusa da mai wa'azi yadda ido ɗaya zai kama su biyun. Haske ya bugi fuskarsa da hannuwansa, kada taga ko fitila ta kasance a bayansa. Riga marar zane, mai launin da ya bambanta da fatarsa. A ba shi ayoyi da waƙoƙi da kan wa'azi kwana biyu kafin Lahadi, saboda sunaye irin su Nebukadnezzar ba a rubuta su da yatsu cikin gaggawa. In sujada ta wuce awa ɗaya, masu fassara biyu ake buƙata, suna canji duk minti 20 zuwa 30. Bayan haka ƙwaƙwalwa ta gaji, kuskure ya yawaita. Lokacin addu'a fassara ba ta tsayawa, kurma da ido a buɗe yake addu'a, kada wani mai karɓar baƙi ya je yana masa alamar ya rufe ido. In kana magana da shi, shi za ka kalla, ba mai fassara ba.

ƊanMawaƙa: To in babu mai fassara fa? Ba sai a riƙa sa komai a allon majigi ba?

HannuMaiMagana: Yana taimakon wanda ya kurumce da girma, ya riga ya iya karatu. Wanda aka haifa kurma kuwa, maganar hannu ce harshensa na farko, rubutu harshe na biyu ne, wani ma bai samu makaranta ba. Karanta leɓe ma ba ya kama ko rabin zance. Kuma maganar hannu ba ɗaya ba ce a duniya, Majalisar Ɗinkin Duniya na ƙidaya fiye da 300. Andrew Foster, kurma ne baƙar fata ɗan Amurka, ya buɗe makarantar kurame a Accra a 1957, kafin rasuwarsa a 1987 ya kafa fiye da 30 a ƙasashen Afirka, da maganar hannun Amurka yake koyarwa. Shi ya sa za ka ga kurame biyu a coci ɗaya, wanda ya yi makaranta da wanda bai yi ba, hannunsu ya bambanta. Kafin a ɗauko mai fassara a tambayi kuramen wace suke yi. Hanya mai ɗorewa ita ce a roƙi kurman ya buɗe aji na rabin awa bayan sujada, ya koya wa matasa. Ka ga ya zama malami ke nan, wanda ya dawo da mu kan maganar Baba Dattijo.

Malama_Birel: Na makafi gajere ne, amma kullum ana kuskure. In ka zo wajensa ka faɗi sunanka, kada ka ce "ka gane ni?" In za ka tafi ka faɗa, kada ya ci gaba da magana da iska. Ba a jan hannunsa ko sandarsa. Ka ba shi gwiwar hannunka ya riƙe, kana rabin taki a gabansa, ka faɗi matakala kafin ku kai, hawa ce ko sauka. Wajen zama ka ɗora hannunsa a kan bayan kujera, shi zai zauna da kansa. Mai jagorar sujada ya daina cewa "kamar yadda kuke gani a allo", ya karanta. In an canja jerin benci a sanar, domin shi da ƙidayar taki ya haddace ɗakin. Littafi Mai Tsarki cikakke a rubutun makafi yakan kai kundi wajen 40, ba wanda zai ɗauko shi ranar Lahadi, don haka a tura masa ayoyin ta saƙon murya tun tsakiyar mako. Masu raunin gani kuma, waɗanda sun fi makafi yawa nesa ba kusa ba, a buga musu kofe biyar ko goma na takardar sujada da haruffa girman 18, baƙi a kan fari.

Gaskiya_Ɗaci: Duk na ji, amma kamar kuna magana kan cocin mutum dubu. Ikilisiyar mutum 60 da ke fama da albashin Fasto ina za ta samu masu fassara biyu da gangaren mita biyar? Sa'an nan ba wanda ya taɓo masu yaudara. Da zarar an ji ana rabo a ɓoye, za ka ga sababbin fuskoki da labarai masu ban tausayi. 2 Tasalonikawa 3:10 ma ta ce wanda ya ƙi aiki kada ya ci. Kuma Bulus ya ce gwauruwar da ba ta kai shekara 60 ba kada a taimake ta.

ƊalibinTauhidi: Ɗan'uwa, gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. 1 Timoti 5:9 ba ta hana taimako ba. Maganar sa suna cikin jerin gwauraye ce, waɗanda ikilisiya ta ɗauki nauyinsu dindindin, kuma masana da yawa na ganin su ma suna da hidimar addu'a da suka ɗauka. Gwauruwa mai shekara 30 da yara huɗu tana ƙarƙashin Yakubu 1:27 kai tsaye. Abin da 1 Timoti 5 ta nanata shi ne 'ya'ya da jikoki da dangi su fara ɗaukar nauyi, aya ta 4 da 8 da 16, don ikilisiya ta samu sararin taimakon waɗanda ba su da kowa. Ita kuma ayar Tasalonikawa kan wanda ya ƙi aiki ce, ba wanda ya kasa ba.

Maganar ƙanƙantar ikilisiya kuma, duba Ayyukan Manzanni 6. Gunaguni ya tashi cewa ana tsallake gwaurayen Yahudawa masu jin Helenanci a rabon kowace rana. Manzanni ba su ce ƙarya ne ba, ba su kuma ce a yi haƙuri ba. Suka sa jama'a suka zaɓi mutum bakwai, kuma in ka duba sunayen, Istifanas da Filibus har zuwa Nikolas, duk na Helenanci ne. Wato ɓangaren da ya koka aka damƙa wa rabon. Wannan bai ci ko sisi ba. Wajen shekara ta 150 Justin Mai Shahada, wani malamin Kirista na zamanin farko, ya rubuta cewa bayan sujadar Lahadi masu hidima kan kai jibin Ubangiji ga waɗanda ba su samu zuwa ba, baikon kuma na marayu ne da gwauraye da marasa lafiya da 'yan kurkuku da baƙi. A 251 wasiƙar Bishop Karniliyus ta nuna ikilisiyar Roma na ciyar da gwauraye da mabukata fiye da 1,500, a lokacin da ake tsananta mata. Wanda ya san adadi haka, yana da rajista.

Ma'aji_07: @Gaskiya_Ɗaci, maganin yaudara ziyara ce, ba fallasa ba. Mutum biyu su je gidan kafin a ba da wani abu mai yawa. A tambayi dangi me suke iya yi. A sa iyaka: ƙaramin adadi da mutum biyu na kwamiti za su iya fitarwa cikin awa 24 don gaggawa, abin da ya wuce haka ya jira zama. Taimakon wata-wata a sake duba shi duk wata shida. Kuma a sani, ko an yi duk wannan wani zai zille ya ci. Asarar nan ta fi sauƙi a kan a mai da kowane mabukaci abin tuhuma.

Gaskiya_Ɗaci: Na karɓi gyara kan shekara 60. Amma gangaren har yanzu kuɗi ne.

Magini_Kwano: Matakala ɗaya ko biyu, katako mai kauri da aka ƙarfafa da ƙarfe a ƙasa ya isa a fara, muddin an bi 1 bisa 12 kuma an kafe shi kada ya motsa. Yanke benci kuwa zarto ne da awa ɗaya.

Nas_Rahama: Akwai waɗanda ba gini ke korarsu ba, tsoro ne. Mai farfaɗiya in ta kama shi cikin sujada, sai a ga an dare, wasu kuma sun danne shi suna tsawata wa aljani. Farfaɗiya ciwon ƙwaƙwalwa ce, ba a ɗaukarta ta yawu ko taɓawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum wajen miliyan 50 ke da ita, kuma har kashi 70 cikin ɗari za su iya rayuwa ba faɗuwa in suna shan magani daidai. Kowane mai karɓar baƙi ya san wannan: a janye benci da duk abin da zai buge shi, a sa wani abu mai laushi ƙarƙashin kai, a sassauta wuyan riga, a duba agogo. Ba a danne shi, ba a sa masa cokali ko yatsa a baki, ba a ɗura masa ruwa ko mai. In jijjigar ta tsaya a kwantar da shi ta gefe. In ta wuce minti 5, ko ta dawo kafin ya farfaɗo, ko ya ji rauni, ko mace ce mai ciki, ko karon farko ne, asibiti. Mutum biyu su tsaya su kāre shi da mayafi, domin wani kan yi fitsari, kuma abin da ke hana shi dawowa mako mai zuwa idon mutane ne. A hana ɗaukar bidiyo.

Sa'an nan ina roƙon fastocinmu da girmamawa: kada a ce wa mai farfaɗiya ko mai taɓin hankali ko mai ɗauke da ƙwayar HIV ya ajiye magani don nuna bangaskiya. Yanke maganin farfaɗiya farat ɗaya na iya jawo faɗuwar da ba ta tsayawa. Haka azumi, mai ciwon suga da ke allura ya ga likita tukuna.

Fasto_Makiyayi: 'Yar'uwa Nas, roƙonki ya karɓu. A Yahaya 9 almajirai sun tambayi zunubin wa ya sa aka haifi mutumin makaho, Ubangiji ya ce ba nasa ba ne, ba na iyayensa ba. Duk da haka har yau akwai mai keken da ke fargabar taron farkawa, don ya san za a turo shi gaba ba a tambaye shi ba, in bai tashi ba a ce bangaskiyarsa ce ta gaza. A Markus 10:51 Yesu ya tambayi Bartimawas abin da yake so a yi masa, alhali kowa na ganin makaho ne. A tambayi mutum ko yana son addu'a, kuma a kan me. Sau da yawa za ka ji aikin yi ne damuwarsa, ko aure, ba ƙafa ba.

Sanarwar roƙon addu'a ma wata ƙofar tonon asiri ce. "Mu yi wa 'yar'uwa wance addu'a, mijinta ya kore ta," an gama da ita ke nan. A tambayi mai roƙon kalmomin da za a faɗa, da wa zai ji: Fasto kaɗai, ko dattawa, ko dukan jama'a. A zauren WhatsApp kuwa kada a sa sunan ciwo ko kaɗan.

MalamarLahadi: A ƙara da tsaro, domin wanda ya fi rauni shi mugu ke nema, kuma mugun kan zo da fuskar mai taimako. Babba ɗaya kada ya keɓe da yaro ko yarinya ko mai raunin hankali, a aji ne, a mota ne, ko a ofis. Manya biyu, ba mata da miji ba, ƙofa a buɗe ko mai gilashi. Sabon zuwa ya yi aƙalla wata shida kafin a ba shi yara. Namiji ba ya kai wa gwauruwa taimako shi kaɗai, ko wane ne shi. In yaro ya faɗi cewa an taɓa shi, a rubuta kalmominsa yadda ya faɗa, kada a yi masa alkawarin ɓoyewa, kada a haɗa shi da wanda ya ambata don "sulhu", a dakatar da mutumin daga hidima, a kai wa hukuma. Rufin asirin da Baba Dattijo ya faɗa na wanda aka cuta ne, ba na mai cutar ba.

Dattijo_MaiRitaya: Madalla, 'yata. Wannan bambancin ya zama dole.

MaiZiyara: Duk wanda muka ambata yana zuwa coci. Akwai waɗanda suka daina: tsohon da ƙafa ta ƙi, mai cutar mantuwa, uwar da ɗanta ke ihu in ƙarar lasifika ta yi yawa har aka riƙa harararta, wanda ya fito daga kurkuku, yarinyar da ta yi ciki. A raba ikilisiya gida goma goma, kowane rukuni da mai lura. Wanda aka rasa Lahadi uku a jere a neme shi, da gaisuwa, ba da tuhuma ba. Na kwance a kai musu jibin Ubangiji a ranar da aka yi a coci, mutum biyu ko uku, ziyara ta minti 20 zuwa 30, a kira kafin a je. Mai cutar mantuwa kada a yi ta gwada shi da "wane ne ni?", a rera tsohuwar waƙar da ya sani, sau da yawa waƙa na zama bayan sunaye sun tafi. Mai jinyarsa ma a karɓe ta awa biyu ta samu sujada, ita ce ba wanda ke tambayar lafiyarta. Gidan makoki kuma cika yake a makon farko, a wata na uku ba kowa. A rubuta ranar a kalanda, a koma bayan wata ɗaya, wata uku, da cikar shekara.

Sakataren_Majalisa: Na ƙaru ƙwarai. Bari in dawo da mu kan tambayar farko, don akwai saura. Masu ba da gudummawa daga waje kan ce sai sun ga hoto. Yaya za a yi da su?

Ma'aji_07: A ɗauki hoton kayan da masu ɗaurawa, a haɗa da rasit da rahoton jimilla. In sun nace kan fuska, sai babba da ya yarda a rubuce bayan ya karɓi nasa, an kuma gaya masa inda hoton zai je. Marayu kuwa a'a, ko mai riƙonsu ya yarda. Hoton zai daɗe a intanet fiye da buhun, abokan makarantarsu za su gani.

ƊalibinTauhidi: Rut 2:15-16 ta dace da nan. Bo'aza ya ce wa ma'aikatansa kada su kunyata Rut, gwauruwar nan, su riƙa zare zangarniya daga dami suna yarwa da gangan don ta yi kala. Ta koma gida da abin da ta tattara da hannunta. Haka Dawuda a 2 Sama'ila 9, bai tsaya kan ba Mefiboshet, gurgu jikan Saul, wurin zama a teburinsa ba, ya mayar masa da dukan gonakin Saul. In ikilisiya na da aikin da za ta biya, ɗinkin rigunan mawaƙa ko buga takardu ko kula da littattafan kuɗi, a fara duba cikin waɗannan 'yan'uwa, a biya su cikakken lada.

Gaskiya_Ɗaci: Muddin dai ya iya aikin. Sa makaho karatu don a ce an sa shi, ana tafi tun bai buɗe baki ba, wannan ma raini ne.

Malama_Birel: A nan muna tare. Ya shiga jadawali kamar kowa, sunansa ya zo a makonsa, in ya yi kuskure a gyara masa kamar kowa. Kuma a daina gabatar da shi da "ɗan'uwanmu makaho". Yana da suna.

MamaZumunta: To ni har yanzu ina kan bakana game da tsofaffin nan. A daina buhu a gaba, na yarda. Amma Lahadi ɗaya a shekara da gwauraye za su jagoranci sujada da kansu, su yi karatu, su yi waƙa, a ambaci mazansu da suka yi hidima, wannan kada a taɓa shi.

Fasto_Makiyayi: Mama, wadda mijinta ya rasu wata biyu da suka wuce fa? Ko wadda ba ta so a riƙa kallonta da sunan nan?

MamaZumunta: Ba a sa wa kowa anko dole, Fasto, ba a kuma ce "duk gwauraye su miƙe". Wadda ta ba da sunanta ga shugabar mata ita ce a ciki. Sabuwar rashi kuma ba a ma tuntuɓar ta sai shekara ta zagayo, sai dai in ita ta nema.

HannuMaiMagana: In za a yi ranar, a turo wa mai fassara sunayen mamatan tun ranar Juma'a.